Man Jariri a Shuɗiyar Jarka

Sharaɗa, Kano
Farkon damina

Gwaggo Kulu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya, ku da duk mutanen Kafin Aduwa. Ya ruwa, ya gwiwar nan taku? Mu nan sai godiya. Sagir yana gaishe ku. Har yanzu yana kamfanin fata na Challawa, kuma har yanzu a ƙofar ɗaki nake sa shi ya tuɓe kayan aiki saboda wari. Firdausi ta fara zuwa islamiyya, ta ce a gaida mata Gwaggon Mai, don ita da wannan sunan ta san ku.

Man aduwa da man riɗi sun iso ta hannun Malam Inuwa direba, Allah ya saka da alheri. Tun rasuwar Baba babu wanda ya riƙe ni a danginsa kamar ku, alhali ku da shi kaka kawai kuka haɗa. Matan kamfaninmu na buhu sun kusa yaga min hijabi wurin rububi. Kun san yadda zaren robar nan yake cin hannu, mace ta tashi aiki tafinta duk ya tsattsage. Ladi, wadda injinta ke kusa da nawa, ta ce tun da ta fara shafa naku kaushinta ya kwanta, har ta daina sayen man kanti.

Sai dai galan ɗin nan naku ya gaji, Gwaggo. Ya tsage a gindi, mai ya tsiyaye a but ɗin mota, Malam Inuwa yana ta mita wai buhun wani ya jiƙe. Shi ya sa Sagir ya sayo mana jarka biyu a bakin get ɗin kamfaninsu, inda ake sayar da jarkoki da durom-durom da aka gama amfani da su. Shuɗaye ne masu kauri, murfinsu na murɗawa, ko kifa su aka yi ba sa ɗiga. Rabin unguwarmu a irinsu suke ajiye ruwa. Na wanke su da omo da toka da ruwan zafi, na shanya a rana. Akwai ɗan wari da ya ƙi fita, amma Sagir ya shinshina ya ce shi bai ji komai ba. Ga ɗaya nan na ba Malam Inuwa ya kawo muku. A ɗayar kuma na juye ragowar man da ban ɗura a kwalabe ba.

Na so in kira wayar Ya'u mijin autarku Saudat in faɗa muku, sai na tuna kun ce magana a waya ba ta da inda za a ajiye ta a sake dubawa. To ga takarda. Ya jikin Saudat ɗin? Ta dawo gida goyon ciki, ko sai ya ƙara tsufa?

'Yarku,
Zulaihat

*

Kafin Aduwa
Tsakiyar damina

Zulai 'yata,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, gwiwa kuma tana nan tana mulkinta. Ki gaida Sagir, ki ce masa hancin da ya tsufa a cikin fata ba shi ake tambaya wari ba. Ki ja min kunnen Firdausi. Gwaggon Mai, sai ka ce mai sayar da fetur a bakin titi.

Jarka ta iso, kuma ta tara min mutane. Atika maƙwabciyata ta juya ta, ta ƙwanƙwasa, ta ce in riƙa ara mata ranar biki. Na ce ko ranar sallah. Warin da kika faɗa na ji shi, na sake ɗauraye ta, na ce warin birni ne, zai gaji ya fita.

Saudat ta dawo gida. Cikin ya sauka, ƙafafu sun kumbura. Ba zan ɓoye miki ba, Zulai, tsoro nake ji. Rabin yaran garin nan a hannuna suka faɗo ban taɓa rawar jiki ba, amma wannan autata ce, kuma haihuwar fari, ko tari ta yi sai gabana ya faɗi. Ga kogi kuma. Bana ruwa ba ya ɗagawa, ya haura gonakin shinkafa, maza kullum suna bakin jinga da buhunan yashi. Ba wanda yake faɗa da baki, amma kowa ya fara ɗaure kayansa.

Don in rage tunani na zauna na yi man jariri. Ba irin wanda nake aiko miki na sayarwa ba. Aduwar bara na zaɓa ɗaya-ɗaya, na fasa da hannuna, na jiƙa ƙwayar har ɗacin ya fita, na soya a wuta marar ƙarfi, na niƙa, na yi ta murzawa da ruwan ɗumi har man ya tsatso garau. Na ɗan haɗa da na riɗi. Kin san yadda muke yi a gidanmu: man da za a fara shafa wa jariri, a gasa masa cibiya da shi, ba a buɗe shi sai ranar da ya faɗo, kuma ba a zuba shi a abin da aka taɓa sa abinci. Uwata a sabon ƙoƙo take ajiyewa. Ni kuwa na ce jikana ɗan zamani ne, a jarkar Kano za a ajiye masa. Na juye, na murɗa murfi, na rataye ta a ɗaki. Na faɗa a gaban kowa, duk wanda ya taɓa ta kafin ranar, ni da shi ne.

Naki na sayarwa ki yi haƙuri sai an sauka lafiya. Ki sa mu a addu'a.

Gwaggonki Kulu. Da hannuna na rubuta kamar kullum, ki faɗa wa masu cewa ajin yaƙi da jahilci wasa ne.

*

Sharaɗa, Kano

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ku da Saudat. Ku yafe min gajeriyar gaisuwa.

Kafin ku karanta komai, ku ji wannan. Man da ke cikin shuɗiyar jarka ya zama guba. Kada a shafa wa kowa, kada a ci, kada ya kusanci Saudat ko abin da za ta haifa. Ku sa Ya'u ya haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya ya binne ta da man a ciki.

Ga yadda aka yi. Na kwalabe ya ƙare, sai na buɗe tawa jarkar na ɗura sabbi, na kai kamfani. Ladi ce ta fara saya, ta shafa a fuska da wuya kamar yadda ta saba. Ni kuma da na dawo na yi wa Firdausi wanka, na shafe mata ƙafafu da shi, na tura ta islamiyya, na kama wanke-wanke. Kafin a tashi sai ga malamarsu ta riƙo ta tana kuka, tana cewa, "Umma, wuta, wuta." Ƙaurinta ya yi jawur. Na ɗauka tururuwa ce ta shiga wandonta. Gwaggo, don wauta har na ƙara mata man, na ce zai sanyaya. Da gari ya waye duk inda man ya taɓa ya ɗuri ruwa, ya yi bororo kamar wadda aka watsa wa tafasasshen ruwa. Nawa tafin hannun ja kawai ya yi, saboda sabulun wanke-wanke ya ɗauke shi da wuri.

Muna shirin fita asibiti sai ga mijin Ladi a ƙofar gida yana ɗaga murya, wai a fito masa da mai sayar da guba. Na bi shi na ga Ladi. Ban gane ta ba. Fuskar ta kumbura har idanun sun rufe. Ta ji muryata ta ce, "Zulai, me na yi miki?" Na durƙusa a wurin ina kuka. Daga nan na bi gida-gida na karɓe sauran kwalaben. Allah ya taimaka ba su kai ga buɗewa ba.

A asibiti malamar jinya ta ce man aduwa ba ya yin haka, ta tambaye ni a me na ajiye shi. Sagir ya ɗauki jarkar ya kai wa mai kula da sito a wurin aikinsu. Mutumin ya juya ta ya nuna masa inda aka kankare takarda da reza. Ya ce a irinta ake kawo maganin da ake zuba wa fatu don kada su yi funfuna, kuma a takardar da aka kankare akwai hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa. Ya ce maganin shiga jikin robar yake, ruwa ba ya fitar da shi ko za a shekara ana wankewa, amma mai yana jawo shi. Kullum man ya ƙara kwana a ciki, ƙara jawo shi yake. Sagir ya dawo ya zauna a dandaɓe, abinci ma ya kasa ci.

A ranar ce takardarku ta iso. Na karanta inda kuka ce kun juye man jariri a jarkar Kano kun rataye. Firdausi yarinya ce mai gudu da tsalle, fatar ƙauri ce, ta yi haka. Sai na tuna cibiyar jariri ɗanya, da fatar da ko rana ba ta taɓa gani ba.

Na kira wayar Ya'u har na gaji, ba ta shiga. A rediyo ana cewa ruwa ya yanke hanyoyi a wajenku. Zan kai wa Malam Inuwa takardar nan tasha da kaina, zan kuma faɗa masa da baki, ko daga nesa ya hango ɗan garinku ya ƙwala masa. Don Allah, Gwaggo, kuna karantawa ku tashi, kada ku jira a gama komai.

Zulaihat

*

Makarantar firamare ta kan tudu

Zulai 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Sagir da 'yar rigimata. Mu da rai da lafiya, alhamdu lillahi, amma Kafin Aduwa babu. Jinga ta ɓalle ana shirin sallar azahar. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Kafin in ɗaura zani da kyau ruwa ya kawo gwiwa. Ya'u ya ɗauki Saudat a amalanke, ni kuma aka ja ni ina waige. Ɗakina ya zauna a kan idona. Rumbu, awaki, tabarmi, turmin da na gada wurin uwata, duk sun tafi. Yanzu muna aji ɗaya da gida bakwai, ruwa ya kewaye mu ta ko'ina, sai kwalekwale. Waya babu, an ce ƙarfen sabis ɗin ma yana cikin ruwa.

Amma ki ji ikon Allah. Washegari muna zaune a barandar makaranta sai na hango wani abu shuɗi yana lilo a kan ruwa, ya maƙale a reshen gawo. Na ce wa Ya'u ko ya shiga ya ɗauko ko in shiga da kaina. Jarkarki ce, Zulai. Murfi a murɗe, ko ɗigon ruwa bai shiga ba. Na rungume ta ina kuka kamar na ga ɗan'uwa. Duk abin da na tara a duniya ya tafi, amma man jikana ya biyo ni. Da a ƙoƙo na zuba irin na uwata, da yanzu kifi ke shafawa. Allah ya yi miki albarka, ke da Sagir.

Sai dai ta jawo min baƙin jini. Nan ba mai ko cokali, gaya ake ci da gishiri. Mata suna ta zuwa, wannan ta ce a ɗiga mata a dafa-duka, waccan ta ce ruwa ya ci ƙafar ɗanta. Atika ta zo da murfin kwano ta ce, "Kulu, ko ɗan abin da zai jiƙa leɓen yara." Na ce a'a. Ta ce ba ta san rowata ta kai haka ba. Yanzu ba ta gaishe ni, ga shi tabarmarmu ɗaya. Abin yana damuna, amma na riga na faɗa, kuma da jarkar nake matashin kai.

Saƙonki ya iso. Mai kwalekwalen da ke kawo mana shinkafar agaji ya ce Inuwa direba ya tsaya a inda kwalta ta nutse, ya ce 'yata ta Kano ta ce kada kowa ya taɓa man jarka. Na yi dariya na farko tun da muka zo nan. Na ce wa matan, kun ji ko, har daga Kano an san halinku. Ki kwantar da hankalinki, ba mai taɓa shi sai mai shi ya iso. Ya ce akwai takarda ma, amma Inuwa ya hana shi, wai kada ta jiƙe, sai hanya ta buɗe ya kawo da kansa.

Saudat ta fara jin mara tana ɗaurewa tana saki. Yau ko gobe ne, ko jibi. A aji za ta haihu, bayan zanin da muka rataya. Ina jin tsoro, Zulai, amma in na taɓa jarkar nan sai in ji ko ba komai abu ɗaya ya tafi daidai. Zan ba mai kwalekwale wannan ya miƙa wa Inuwa.

Gwaggonki Kulu

*

Sharaɗa, Kano

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Na gode wa Allah da kuka tsira da ranku. Allah ya mayar da alheri. Firdausi da sauƙi, bororon ya fashe, ana wanke mata. Ladi ta buɗe ido.

Gwaggo, ba abin da na ce ke nan ba. Ba rowa na ce ku yi ba. Man guba ne, jarkar ta maganin fata ce, ya ƙona Firdausi, ya ƙona Ladi. Kada ya taɓa jariri. Kada ya taɓa jariri. Na rubuta sau biyu ko ruwa zai ci ɗaya.

Malam Inuwa ya kawo min takardarku, tawa kuma tana aljihunsa, a naɗe a leda, ba ta je ko'ina ba. Ya ce shi ya yi bayani duka, amma injin kwalekwale yana ƙara, mutane suna turereniya, mutumin rabi ya ji. Na karanta taku a tsaye a tasha. Da na zo inda kuka ce kun rungume ta kuna sa min albarka, ihu na yi, mutane suka taru suna tambaya wa ya mutu. Da ma ruwan ya tafi da ita. Ya ɗauke turmi, ya ɗauke rumbu, ya rushe ɗaki, amma abin da na aiko shi kaɗai ya ƙi nutsewa.

Sagir ya ajiye aiki zai biyo Malam Inuwa da wannan takardar da waccan. Ya ce ko a iyo ne sai ya ƙarasa. An gaya masa kwalekwalen agaji ba ya ɗaukar mai shiga, sai mai fita, amma ya ce zai kwanta a gabansu. Ni ba zan iya barin Firdausi ba, da na taho.

Kun ce yau ko gobe ko jibi, kuma ban san ranar da kuka rubuta ba. Wataƙila ina wannan rubutun an riga an gama. A bakin inji nake tsayawa in ga hannunku yana ɗiban man yana murzawa, yadda na sha gani kuna yi wa jariran mutane, sai mai duba aiki ya daka min tsawa in farka. Ba na iya cin abinci. Duk wayar da ta yi ƙara a kusa da ni sai in zabura.

Idan wani abu ya sami abin da Saudat ta haifa, ban san da idon da zan kalle ku ba. Ba zan iya sake taka garinku ba har in mutu. Ku kuka riƙe ni, ni kuma wannan na aiko muku. Ko mene ne ya faru, ku rubuto min gaskiya. Shirun nan ya fi komai.

Zulaihat

*

Makarantar firamare ta kan tudu

Zulai 'yata,

Wa'alaikumus salam. Kada ki firgita da ganin rubutun ba nawa ba ne. Saudat ce ke rubutawa, ni ke faɗa. Tun da Saudat na iya riƙe biro, kin san tana lafiya. Ta sauka, mace, lafiyayya, mai ƙarar murya irin ta dangin ubanta. Man bai taɓa ta ba. Ki zauna ki sha ruwa, sannan ki ƙarasa karatun.

Sagir ya iso jiya, jiƙe har wuya, ya tarar an yi komai an gama. Ya durƙusa a gabana yana kuka da gemunsa, na ce ya tashi kada ya ƙara mana ruwa. Saudat ta karanta min takardunki biyu. Ki gaida min Firdausi da Ladi, Allah ya ba su lafiya.

Yanzu ga abin kunya, tunda gaskiya kika nema. Kin san ruwa ya ci mana hannu da ƙafa a nan. Nawa sun tsattsage har jini, tsakanin yatsu ya yi fari ya ruɓe. Na dubi hannuwan na ce da waɗannan zan karɓi jikana? Ranar da kwalekwalen shinkafa ya zo da hantsi, kowa ya ruga bakin ruwa, Saudat tana barci, aji ya zama ni kaɗai. Ni da na hana yaran Atika abin jiƙa leɓe, ni da na yi rantsuwa a gaban gari, na murɗe murfin nan. Na tsiyaya a ƙoƙo wai ina shirya wa haihuwa, sannan na saci nawa. Na shafe hannu har gwiwar hannu, na cusa tsakanin yatsun ƙafa, na zauna a rana don ya shiga da kyau, na rufa da mayafi kada a ga ƙyalli. Da ya fara raɗaɗi na ce aiki yake yi. Da ya tsananta na cije, don in na yi magana za a tambaye ni me na shafa.

Washegari hannuwan suka tashi, suka ɗuri ruwa, ko zani ba na iya ɗaurawa. Na ce wa mutane ƙazamin ruwa ne, ni ma haka na so in yarda. A ranar naƙuda ta kama Saudat gadan-gadan. Ina zaune ina kallo, hannu a sama kamar mai roƙo. Atika, wadda ba ta gaishe ni, ita ta tsallako ta ce, "Matsa, Kulu, ki faɗa min da baki." Ita ta karɓe ta, ita ta yanke cibiya, ita ta yi mata wanka. Sannan ta ce, "To, ina man da aka hana mu barci a kansa?" Ta miƙa hannu ga ƙoƙon.

A nan Allah ya buɗe min ido. Na dubi hannuwana na ga ƙunar ta tsaya cak a gwiwar hannu, daidai inda man ya tsaya. Ruwan kuwa har ƙirji ya kai min, ya kuma taɓa kowa a ajin, ba wanda ya tashi sai ni. Na tuna warin, na tuna saƙonki da na yi wa dariya. Yatsun Atika sun kusa shiga ƙoƙon, jaririyar tana kan cinyarta tsirara. Ban tsaya magana ba. Da ƙafa na shure shi, ƙafar nan mai ciwon gwiwa, ya tashi ya bugi allo. Atika ta ce, "Kulu, haukacewa kika yi? Mu kin hana, ita ma za ki hana?" Na nuna mata hannuwana na ce, "Na sata, ga abin da ya yi min." Har yanzu ina tuna tazarar da ke tsakanin yatsunta da man nan.

Kin san da me aka shafe ta? Atika ta kwance bakin zaninta ta fito da wata 'yar kwalba, ɗan man gyaɗa ne a gindi, wanda ta ɓoye wa yaranta. Shi ta ɗumama a tafinta ta shafa wa jikata. Ban san inda zan sa fuskata ba.

Jarkar, ma'aikacin lafiya da ya zo da kwalekwale ya tafi da ita, ya kankare inda man ya zuba. Ya naɗe min hannuwa, ya ce za su warke amma sai a hankali, kuma fatar ba za ta koma yadda take ba. Ban taɓa jikata ba har yau. Ɗora min ita ake yi a cinya, in sunkuya in shinshini kanta. Na karɓi 'ya'yan kowa, tawa ta zo ba hannu. Wannan yana min ciwo fiye da ƙunar, ba zan ce miki ba ya yi ba.

Amma maganar ba za ki sake taka garinmu ba, ki bar ta. Ke kika wanke, ni na sake wankewa, ni na ji wari na ce na birni ne. Garin ma ai babu shi, sai mun sake ginawa. Ya'u ya yi wa yarinya huɗuba da sunanki. Ba ni na sa shi ba. Saudat ta ɗago tana kallona, to, ni na sa shi.

Hanya na buɗewa ki taho da Firdausi. Takwararki tana buƙatar mai yi mata shafa safe da yamma har a yi arba'in, Atika kuma hannunta nauyi gare shi, kullum sai mun yi faɗa. Ki zo ki zama hannuna, ni zan faɗa miki da baki. In akwai ragowar man farko da bai shiga jarka ba, ki taho da shi, a kwalbar da kika ga abin da aka sha a cikinta da idonki.

Gwaggonki Kulu, da hannun Saudat